Motar Baba da Man Gyaɗar Gwaggo

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, kowa da ranar da aka rubuta masa. Ranar Baba, surukina, mahaifin maigidana, ta zo cikin damina, ana ruwa a Abijan kamar da bakin ƙwarya. Ban taɓa kama sunansa ba yana da rai, ba kuwa yanzu zan fara ba. Duk wanda ya san gidanmu na Biyafara, cikin Tireshbil, ya san wanda nake nufi.

Gida ya cika. 'Yan albasa na kasuwar Guro sun zo daga Ajame da rigunansu jiƙe, suka jeru kan tabarmi a rumfar da aka kafa bakin ƙofa. Maƙwabtanmu da ba Musulmi ba suka riƙa shigowa suna dafe ƙirji suna cewa "yako, yako," wanda shi ne sannunsu. Jikokin dangi da aka haifa a nan, waɗanda Hausa ke yi wa nauyi a baki, suka yi tasu gaisuwar da Faransanci. Ni ina bakin murhu, hayaƙi na cin idona, amma kunnena yana rumfa. Haka Allah ya yi ni, ko daka nake ina jin abin da ake faɗa a ƙofar gida.

Abin da na ji kuwa iri ɗaya ne, kamar an rarraba musu shi kafin su shigo. "Mutum ne mai haƙuri." "Bai taɓa ɗaga murya ba." "Daga masallaci sai kasuwa, daga kasuwa sai gida."

Masallaci gaskiya ne. Kasuwa ma gaskiya ce. Amma haƙuri? Baba? Mutumin da in shayinsa ya huce zai kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke zaune a Yamai? Na so in leƙa rumfar in tambaye su gawar wa suka raka.

Mutum ɗaya ce ta faɗi gaskiya, maƙwabciyarmu mai sayar da acheke, dambun rogon garin nan. Ta share hawaye da bakin zani, ta ce da 'yar Hausarta ta kasuwa, "To yanzu wa zai riƙa buge ni ƙafa da mota?" Yaya, wato wan maigidana, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya yi mata wani irin kallo, ya ce a kawo wa baƙi ruwa. Nan maganar ta mutu.

Shi ya sa na zauna zan rubuta wannan. In aka bar su, nan gaba kaɗan Baba zai koma wani tsoho mai haƙuri da ba wanda ya taɓa gani, motar kuma a ce ba a yi ta ba.

Motar wasa ce, ban ƙi ba. Ja ce, mai manyan tayoyi, tsawonta bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba, ana tuƙa ta daga nesa da telekoman, wato rimot. Lokacin da gwiwoyin Baba suka ƙi, 'ya'yansa suka karɓi harkar albasa suka ce ya huta. Baba bai iya hutu ba. Wata rana ya sulale ya tafi wajen Ajame Meri, inda ake baza tsofaffin kayan Turai a bakin titi, ya dawo da ita cikin leda, ko motsi ba ta yi.

Yaya ya ce, "Papa, Alhaji guda? Mutane za su ce me?"

Baba ya ce, "Su ce abin da suka ga dama. Tun ina saurayi nake jiran motar wasu. Direba ya aiko ya ce buwat ta lalace a hanya, albasa na ruɓewa a bayansa, ni ina Guro ina cizon yatsa. Ban taɓa ganin cikin wagga buwat da ke cinye mini albasa ba. Yanzu na samu tawa, ku bar ni in gani."

Buwat ita ce akwatin giya, inda haƙoran da ke juya tayoyi suke. Ta motar Baba ba ta fi kwalin ashana biyu ba. Amma a kanta na san surukina.

Kafin nan, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. In durƙusa daga nesa, ido a ƙasa, "Ina kwana, Baba," ya ce, "Lahiya lau, ɗiyata," in tashi. Haka aka koya mini. Sai na yi ɓarin cikin da muka daɗe muna roƙo. Na shige ɗaki na rufe ƙofa, ba na ci, ba na son ganin kowa. Suruki namiji ba ya shiga ɗakin matar ɗansa, ba ya kuma kama irin wannan magana da bakinsa. Wata safiya na ji ana buga ƙofata daga ƙasa. Ƙwas. A ja baya. Ƙwas. Na buɗe, sai ga motar, an ɗaure mata ƙullin dabino a baya da zare. Baba na can kan kujerarsa, ya juya fuska wajen bango kamar ba shi ba, telekoman a cinya.

Washegari ƙuli-ƙuli ta kawo. Wata rana kilishi. Ni dai in kwance ƙullin, in juya ta, ta koma. Ba wanda ya ce da wani uffan. Har ranar da na ji kukanta ya canja tun kafin ta iso ƙofa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, yau kukanta daban ne. Kamar tana tauna yashi."

Wannan ce magana ta farko da na taɓa yi masa wadda ba gaisuwa ba. Ya ɗauke ta ya kai kunne, ya juya taya, bai ji komai ba, don kunnensa ya fara nauyi. Ya kwance buwat ɗin. Yashi ne kuwa, ya cakuɗe da tsohon giris ya zama baƙin taɓo. Ya dube ni ta gefen ido, ya ce, "Ɗauko kujera." Ranar na fito daga ɗaki, ban kuma sake shigewa ba.

Aikin wankin buwat a wurin Baba ba wasa ba ne. Zai sa in kawo babban farantina na silba, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kai. Duk abin da ya kwance da turnabis, wato sukudireba, sai ya ajiye shi kusa da wanda ya riga shi fita, a jere, don in an zo mayarwa a bi layin da baya. Kaza ta kuskura ta zo kusa da farantin nan, sai dai ta ji takalmi. Zai fara kankare tsohon giris daga tsakanin haƙora da tsinken sakace, haƙori ɗaya bayan ɗaya, yana gogewa a tsumma yana mita. Fayafayan roba masu haƙora, ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a cuɗe su da buroshin haƙori. Na ƙarfe kuma a jiƙa su cikin alkol, barasar nan ta wanke ciwo, a gwangwanin sardin. Fetur kuwa ya hana, ya ce yana cinye roba. Akwai wasu 'yan zobba masu ƙwallaye a ciki, rulma ake ce musu, su ba sa shan ruwa sam. Ya goge su, ya miƙo mini, in juya kusa da kunnena. In na ce "lafiya," ya ajiye. In na ce "tana ƙarai-ƙarai," ya yi tsaki kamar ni na zuba yashin.

Buroshin haƙorin nan, ai nawa ne, sabo fil, ya ɗauke a bakin famfo. Tsumman kuma zanina ne da na shanya, ya ce ya ga ya tsufa. Bai tsufa ba. Alkol ɗin ma sai da ya jawo magana, wani ya gan shi yana saye a farmasi ya kai wa liman. Baba ya ɗauki gwangwanin sardin da haƙoran a ciki ya kai har ƙofar masallaci, ya ce mai gulmar ya zo ya ɗanɗana.

Bayan wanki sai shanya. Garin nan da laima, abu ba ya bushewa da wuri, shi kuma sai sun bushe ƙayau, ba ɗigon ruwa, ba santsin mai. Sannan ya ɗauko wani ɗan farin giris, ya taɓo da kan tsinke.

"Kamar ƙwayar gero, ɗiyata. Kin gani? Kaɗan. In kika cika mata mai, yashi kike kira."

A kan wannan ƙwayar geron ya rabu da amininsa. Tonton mai agogo muke ce masa. Mota ɗaya ta kawo su Abijan daga Nijar suna samari, shi Tonton ya kafa teburin gyaran agogo kusa da Ajame Meri. Kowace Juma'a bayan masallaci a gidanmu yake cin rana. Shi kuma ya yarda da mai. Wata Juma'a Baba ya bar buwat a buɗe ya shiga ya ɗan kishingiɗa. Tonton ya zaro ƙullin baƙin giris na manyan motoci da ya roƙo a gareji, ya cika ta taf, ya rufe, yana jiran a gode masa. Motar ta riƙa tafiya kamar mai ciwon baya. Ba a daɗe ba yashi ya taru, haƙori ɗaya ya karye, sai da Baba ya nemo wani faifan.

Juma'ar da ta biyo, tun daga ƙofa Baba ya tare shi.

"Kai da ke gyaran agogo, haka kake ɗura musu?"

"Agogo daban, mota daban. Mota ko ta yara ce tana son mai."

"Ta yara?"

"To ta wa? Ta gwamna?"

"Kada hannunka ya sake taɓa motata."

Tonton ya saka takalmansa ya fita, ga tuwo na zuba. Shi ke nan. In sun haɗu wurin suna ko ɗaurin aure, su yi musabaha kamar baƙi. Amma duk Juma'a Baba zai leƙo madafa ya ce, "Ki ƙara hannu, ko wani zai zo." In ba wanda ya zo, ya dubi tukunya ya ce, "Wa ya ce ki dafa da yawa haka?" Wannan shi ne mai haƙurin da ake faɗa a rumfa.

Ranar da ciwon ya kama shi, mun gama wanki ke nan. Komai na jere kan faranti, fes, yana shan iska. Ya dafe ƙirji, ya ce ba komai, har dai maigidana ya tsayar da taksi. Ana riƙe da shi za a fita, ya waiwayo.

"Ɗiyata, ga amana. Kada mai ya taɓa su. In na dawo mu haɗa."

Na rufe farantin da ƙyalle na ɗora can saman sif ɗin ɗakinsa. Bai dawo ba.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Nijar, tafiyar mota mai nisa, ƙafafunta a kumbure. Ita ta zauna a ɗakinsa tana karɓar gaisuwar mata. Wanda ya san zaman makoki ya san duk kwanon da ke gida sai ya fito, har na maƙwabta. Ina cikin juya shinkafa na hango farantina yana zagaya maza, cike da goro da dabino. Na jefar da muciya na shiga ɗakin.

Gwaggo ta yi murmushi, karo na farko tun da ta iso. "Kada ki damu, ɗiyata, ban zubar ba. Ga su nan." Ta jawo wani kwanon sha daga ƙarƙashin gado. "Na ga ƙarahunan sun bushe ƙayau, ga garinku da laima, tsatsa za su yi. Sai na zuba musu man gyaɗa, na gida ne, da shi na zo. Haka muke yi wa wuƙaƙe."

Na duba. Roba da ƙarfe da rulma da 'yan kusoshi, duk a cakuɗe, suna iyo cikin mai har sun nutse. Aikin Baba na ƙarshe a duniya ke nan. Abu ɗaya ya ce kada ya taɓa su, shi ne kuwa aka yi musu wanka da shi.

Me zan ce? Tsohuwa ce, ɗan'uwanta ta rasa, alheri kuma ta yi. Na ce, "Na gode, Gwaggo." Na shiga makewayi na cusa bakin zani a baki don kada a ji ni.

Ban samu kaina ba sai da baƙi suka ragu. Kafin nan man ya yi danƙo, kiyashi sun gano shi, sun yi layi daga bakin taga har cikin kwanon, wasu sun mutu tsakanin haƙora. A haka Yaya ya same ni da kwanon a hannu.

"Bayan sadakar arba'in za a kwashe ɗakin Papa. Abin da ke aiki a ajiye. Tarkace kuma mai sayen ƙarfe ya ɗauka."

"Yaya, wannan mota ce."

"Ina motar? Ni kwano nake gani da mai."

"In ta tashi fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "In ta tashi ta zauna."

Ba mugu ba ne Yaya. Kunya yake ji, tun Baba na da rai. Yana so in an tuna ubansa a tuna Alhaji mai albasa.

Na shimfiɗa farin ƙyalle na fara. Man gyaɗa ya fi tsohon giris taurin kai. In wanke faifan roba da ruwan ɗumi da sabulu, in ɗauraye, in shafa da yatsa, har yanzu da santsi. In sake. Na ƙarfen na jiƙa su cikin alkol, sai man ya taso ya yi ido-ido a sama, in zubar in sake zubawa. Kiyashin da suka maƙale sai da tsinke na riƙa zaƙulo su. Rulma su suka fi ba ni haushi, don man ya shige cikinsu, in na juya su a kunnena shiru, nauyi kawai, kamar mai mura. Na yi ta ɗiga musu alkol ina juyawa ina gogewa har yatsuna suka yi fari. Matan da ke shigowa gaisuwa su tsaya a kaina.

"Me ake dafawa a gwangwanin sardin?"

"Oho, kayan wasan marigayi ne? Allah sarki, tsufa."

Gwaggo ma ta leƙo ta ga ina wanke manta. "Mi ya samu man? Bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau, Gwaggo. Ita ce ba ta saba da shi ba."

Suka bushe, suka yi fes kamar yadda ya bar su. Sai dai layin ya tafi. Na san kukan kowane ɗaya, amma ban san wa ke bin wa ba, don kullum Baba ke mayarwa, ni saurare ne nawa. Maigidana ya zauna da wayarsa yana kallon wani Bature yana haɗa tasa, ashe ba irin tamu ba ce. Ya haɗa, abu ya ragu a faranti. Ya kwance ya sake, wani abin daban ya ragu. Ya miƙe ya karkaɗe wando ya ce, "Ki haƙura, kin yi iya naki." Ni kuwa ba iya nawa aka bar mini ba, amana aka bar mini.

Mutum ɗaya ya rage da ya taɓa ganin cikin buwat ɗin nan da idon mai gyara. Ni ba mai fita ba ce, kasuwar unguwa ma sai dole. Amma na yafa mayafi na shiga woro-woro, taksin haɗaka, na haye gada, na sauka Ajame cikin turmutsutsu, ana ture ni ana taka ni, ina tambayar teburin mai agogo.

Na same shi da gilashi a ido ɗaya. Ya rame. Ranar jana'iza ya zo, ya tsaya sahun baya, bai shiga gida ba. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi wa juna ta'aziyya, na faɗa masa abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Ya ce kada hannuna ya sake taɓa motarsa. Kina wurin."

"Ina wurin, Tonton. Ina kuma wurin duk Juma'ar da ya ce in ƙara hannu a tuwo ko wani zai zo."

Ya cire gilashin, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Man gyaɗa kika ce?"

"Man gyaɗa."

"Ni da na sa giris na gaskiya aka kore ni." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ƙarshe ba. "Juma'a zan zo."

Ya zo kuwa, ana gab da arba'in. Na dafa tuwo, na ƙara hannu. Ya zauna kusa da kujerar Baba, bai hau ta ba. Ya baza kayan, ya juya wannan, ya gwada wancan, yana magana shi kaɗai. Hannun mai agogo ne, kafin la'asar komai ya shiga gidansa, ba abin da ya ragu a faranti. Na shiga ɗauko batir da telekoman. Da na fito ya riga ya rufe buwat ɗin.

Ya ɗaga motar sama, ya danna. Tayoyi suka juya. Mai acheke ta yi guɗa daga ƙofarta. Yaya ya fito yana gyara hula.

Na ce, "Tonton, ka cika mata."

"Ta tashi ko ba ta tashi ba?"

"Ta tashi. Amma ka cika mata. Tana nishi."

"Kaɗan na sa!"

"Buɗe mu gani."

Yaya ya ce, "Ke, ba ga ta tana juyawa ba? Na ce ta zauna, ta zauna." Da na yi shiru da shi ke nan, na ci. Amma kunnena ya ƙi. Wannan ba kukan da ke zuwa ƙofata ba ne.

Tonton ya kwance yana huci. Farin giris ɗin Baba ne, amma ya matse kusan rabinsa a ciki, har yana fitowa ta gefe. Na dube shi, ya dubi sama.

Na sake ɗora ruwan ɗumi. Na sake zuba alkol a gwangwani. Tsinke, tsumma, buroshi, haƙori ɗaya bayan ɗaya, karo na biyu, raina kamar ya fita. Wannan karon na jera su da kaina yadda ya fiddo su, na zauna na tsare farantin, ko kaza ban bari ta gifta ba. Muka kunna musu fanka, Tonton ya tafi sallar la'asar ya dawo, muka ci gaba da jira. Yana ta mita.

"Ashe bai tafi duka ba. Ya bar kunnensa da masifarsa a gidan nan."

Da suka bushe na miƙa masa tsinke. "Kamar ƙwayar gero, Tonton."

Ya karɓi tsinken. Ya taɓo, ya nuna mini. Na ce ya rage. Ya rage. Ya ɗiga a haƙori, ya juya faifan da yatsa har ya zagaye. Ya rufe, ya ajiye ta ƙasa, ya danna.

Shi ne. Siririn kukan nan mai tsabta, ba tauna, ba nishi. Tonton bai iya tuƙi ba, motar ta yanki tsakar gida a guje, ta kewaye turmi, ta je ta bugi ƙofar ɗakin Baba. Ƙwas.

Gwaggo ta ɗaga labule da carbi a hannu. Ta tsaya, ta karkata kai.

"Ku sake."

Tonton ya ja ta baya, kukan ya sake tashi.

"Wanga kukan na san shi," in ji Gwaggo. "Duk sadda ɗan'uwana ya kira ni a waya ina jin shi a bayansa. Na ce mishi, Yaya, sauron garinku ya yi yawa, ka sayi gidan sauro. Ya yi ta dariya, bai gaya mini ba." Ta zauna a dokin ƙofa, ta ɗauki motar ta ɗora a cinya, yashin tayoyin na ɓata mata zani. Tun da ta zo tana karɓar gaisuwa da busasshen ido. Ranar ta yi kuka, irin na ƙanwa.

Muna haka aka yi sallama. Wani ɗan albasa ne da ya yi tafiya, sai yanzu ya samu zuwa. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka yi addu'a, ya shafa, ya fara, "Allah sarki, Alhaji, mutum mai haƙuri..."

Gwaggo ta share fuska. "Haƙuri ina? Tun yana yaro bai da shi. Zauna ka ga motarsa."

Baƙon ya dubi Yaya. Yaya ya miƙa hannu wajen Tonton ya ce, "Kawo telekoman ɗin, ba haka Papa ke riƙewa ba."

An kwashe ɗakin. Motar na saman sif ɗina, farantin na ƙarƙashinta, na daina ba da aronsa ko da biki ne. Gwaggo ta koma gida, ta bar mini sauran man gyaɗarta, na yi miya da shi, ya yi daɗi. Tonton yana zuwa Juma'a. Har yanzu yana cewa giris ɗin ya yi kaɗan, ni kuma na ɓoye shi inda hannunsa ba zai kai ba.

Allah ka jiƙan Baba, ka yafe masa faɗansa da tsakinsa, ka dubi dabinon da ya aiko ƙofata lokacin da ba wanda ya san abin da zai ce mini. Ka wanke shi tas, ka haskaka kabarinsa, ka sa ya huta, in ya yarda ya huta. Baba, mai ya taɓa su, har sau biyu. Amma na wanke, mun haɗa.